Daga Mashiga Zuwa Tukunya: Tafiyar Buhun Fulawa a Gaza Bayan Tsagaita Wuta

Duk lokacin da aka sanar da tsagaita wuta a Zirin Gaza a shekarar 2025, adadi ɗaya ne ke riga komai shiga labarai: motocin agaji 600 a kullum. Shi aka rubuta a yarjejeniyar da ta fara aiki ranar 19 ga Janairun 2025, wadda Katar da Masar da Amurka suka shiga tsakani aka ƙulla, har da fayyace cewa 50 daga cikin motocin na mai ne, 300 kuma arewacin zirin za su nufa. Da aka sake tsagaita wuta ranar 10 ga Oktoba, kansa aka koma, domin shirin Shugaba Donald Trump mai sharuɗɗa 20 ya ce agajin da zai shiga kada ya gaza abin da aka amince da shi a Janairu. Daga nan sai gardama ta koma kan ƙidaya. Isra'ila ta ce motoci kaza sun wuce, hukumomin Gaza su ce ko rabin haka ba su gani ba, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fito da nata lissafin daban.

Wanda ke bin labarin daga nesa zai iya ɗauka cewa da zarar motocin sun cika 600, magana ta ƙare, an ci an ƙoshi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Buhun fulawar da ya tsallake mashiga yana da sauran doguwar tafiya kafin ya zama gurasa a hannun yaro a Jabaliya ko Khan Yunis, kuma a kowane zango akwai abin da zai iya tsayar da shi: takardar izini, hanya, direba, man dizal, sito, ruwa, wutar girki, har da tsabar kuɗi. A cikin shekarar 2025 kaɗai mutanen Gaza sun ga an buɗe ƙofa, sun ga an rufe ta ruf, sun ga yunwar da duniya ta tabbatar a hukumance, sannan suka ga an sake buɗewa. Wannan ya sa shekarar ta isa a yi nazarin yadda abincin agaji ke tafiya, da inda yake maƙalewa.

Mu fara da lissafin ciki. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. In aka mayar da shi busasshen abinci, wato fulawa ko shinkafa, wake, mai, ɗan sukari da gishiri, yakan kai rabin kilo da ɗoriya. Mutanen Gaza kusan miliyan 2.1 ne, ke nan tsabar abincin da zai riƙe rai ya haura tan 1,000 a kullum, ba a sa na gwangwani da abincin yara na musamman ba. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta ce ana buƙatar sama da tan 62,000 a wata, kusan tan 2,000 a rana. Babbar mota kan ɗauki tan 20 ko kusa da haka, don haka motoci 100 na abinci zalla za su iya cike wannan gurbi. Ragowar ɗaruruwan na magani ne, tantuna, barguna, sabulu, bututun ruwa, man asibitoci da na injinan tace ruwa, da kayan 'yan kasuwa. Kafin yaƙin, kimanin motoci 500 ke shiga a ranar aiki, a lokacin da manoman zirin ke noma tumatir da kokwamba, gidajen kaji na fitar da ƙwai, masunta na fita teku. Yau kusan komai daga waje yake zuwa.

Ita kanta mota ba mudu ba ce da za a ce kowacce daidai take da 'yar'uwarta. Motar katifu da motar fulawa duk "mota ɗaya" ake rubutawa. Sannan Isra'ila na ƙirga abin da aka sauke a mashiga, har da na 'yan kasuwa da na ƙasashen da ke aiko da nasu kai tsaye, yayin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙirga abin da ya bi ta tsarinta kuma ta samu ta kwashe. Alƙaluman na iya shan bamban ba tare da an amsa tambayar da ta fi damun uwa mai 'ya'ya biyar ba, wato me za ta ɗora a wuta da yamma.

Hanyar da kaya ke bi

Kayan agaji na isa bakin Gaza ta hanyoyi huɗu: ta Masar daga garin Al-Arish, ta Jodan, ta tashar jiragen ruwan Ashdod da ke Isra'ila, sai kuma ta teku daga tsibirin Saifurus. Ko ta ina suka zo, sai an miƙa jerin abin da ke ciki ga COGAT, sashen ma'aikatar tsaron Isra'ila da ke kula da harkokin farar hula a yankunan Falasɗinawa, ya amince tukuna. A nan ne ake cin karo da kayan da Isra'ila ke cewa suna da fuska biyu, wato ana iya karkatar da su zuwa aikin soja. Ƙungiyoyin agaji sun sha kokawa cewa ƙarfen kafa tanti, janareta, faifan sola da kayan gyaran injin duk sun faɗa cikin wannan rukuni. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, yawancin waɗannan kayan su ne ke sa abinci ya yi amfani. Gidan burodi ba ya aiki ba janareta, ɗakin sanyi ba ya riƙe magani ba wuta, motar da tayarta ta fashe kuma tana nan inda ta tsaya.

Bayan bincike, motar da ta taso daga Masar ko Jodan ba ta shiga cikin Gaza. A filin mashiga take sauke kayanta ta juya. Sai motocin Falasɗinawa su zo daga ɗaya ɓangaren su yi sabon lodi. Ke nan kowane buhu sai an sauke shi an sake ɗora shi, kuma saurin aikin gaba ɗaya ya ta'allaƙa ne a kan yawan motocin da suka rage da rai a cikin zirin, da direbobin da aka tantance, da man da aka bari ya shiga, da sa'o'in da mashigar ke buɗe. Lokacin da ake ɓarin wuta, kowane ayari sai ya nemi izinin motsi daga soja, ya yi sa'o'i a wurin jira, wani lokaci a ce ya koma. Tsagaita wuta ta rage wannan wahala sosai, kuma wannan na daga cikin manyan amfaninta da ba a cika faɗa ba.

Sai hanya. Tsawon Gaza kilomita 41 ne kacal, faɗinta bai wuce 12 ba a inda ta fi faɗi, kuma manyan tituna biyu ne suka ratsa ta daga kudu zuwa arewa: titin Salahuddin da titin Rashid na bakin teku. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta ɓaraguzan gine-ginen da suka rushe da kimanin tan miliyan 61, ga bama-baman da suka faɗi ba su tashi ba a ƙarƙashinsu. A makonnin farko bayan tsagaita wutar Oktoba, mashigu biyu kawai ke karɓar kaya, Karam Abu Salim a kudu da Kissufim a tsakiya, alhali birnin Gaza da ke arewa ne inda yunwa ta fi tsanani. Mashigar Zikim, wadda ke kai kaya arewa kai tsaye, sai 12 ga Nuwamba aka sake buɗe ta, wata guda bayan an daina harbi. Kafin nan motoci sai su bi ta bakin teku, inda dubban tantuna suka cinye gefen hanya. Shi ya sa a makon farko WFP ke shigar da kimanin tan 560 a rana, daga baya ta kai 750, duk da cewa burinta 2,000 ne, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tana da tan 170,000 na kaya a ajiye suna jiran a ce su shigo.

Wasu sukan ce to me ya hana a bi ta sama ko ta ruwa? An gwada. A 2024 Amurka ta kafa gadar ruwa ta wucin gadi da ta ci kimanin dala miliyan 230, igiyar ruwa ta riƙa ɓalle ta, ta yi aiki na kusan kwana 20, kuma abin da ya bi ta kanta bai kai tan 10,000 ba. Abincin kwana biyar ke nan bai cika ba. Jefo kaya daga jirgin sama kuwa tsadarsa ta ninka ta mota nesa ba kusa ba, an kuma samu waɗanda kayan suka faɗo wa suka mutu. Babu abin da ya maye gurbin buɗe mashigun ƙasa.

Me ya sa ake wawushe motoci, me ya sa ake dainawa

A nan nake son in daɗe, domin wawason kaya shi ne hujjar da aka fi kafawa wajen taƙaita agaji, kuma shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Ranar 16 ga Nuwamban 2024, ayarin motoci 109 ya tashi daga Karam Abu Salim, 'yan bindiga suka tare shi, 11 kacal suka isa inda aka aike su. Wata biyu bayan haka aka tsagaita wuta. A ranar farko motoci sama da 630 suka shiga, washegari sama da 900, kuma jami'an agaji suka shaida cewa wawason ya kusan ɓacewa. Mutanen su ne dai, hanyar ita ce dai. Abin da ya canza shi ne yawa da tabbas. Lokacin da buhun fulawa mai kilo 25 ya kai ɗaruruwan daloli a kasuwa, ya zama dukiyar da ɗan daba zai ɗauki bindiga a kanta. Da kaya suka cika kasuwa, farashi ya faɗi, satar ta daina biyan wahalarta. Shi ma magidancin da ba ɓarawo ba, wanda ya tare mota ya saɓi buhu ɗaya a kafaɗa, ya yi ne don bai yarda wata motar za ta zo gobe ba. Ranar da ya ga ana rabo a unguwarsu kowane mako, kuma saƙon waya na zuwa da ranar karɓarsa, sai ya zauna a gida ya jira layinsa.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba shi da daɗin faɗa ga kowane ɓangare. 'Yan sandan Gaza da ke raka ayari sun daina a farkon 2024 bayan hare-haren da aka kai musu, domin Isra'ila na kallonsu a matsayin wani reshe na Hamas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙungiyoyin 'yan daba ne suka cike gurbin. A watan Yunin 2025 Firaminista Benjamin Netanyahu ya amsa cewa Isra'ila na aiki da wasu dangogi masu adawa da Hamas, kuma jagoran ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, Yasir Abu Shabab, ya sha zargin wawushe motocin agaji. Isra'ila a nata ɓangaren ta dage cewa Hamas na karkatar da kaya tana samun kuɗi da su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba a nuna mata hujjar karkatarwa mai tsari a kayan da ke hannunta ba, kuma wani binciken cikin gida na hukumar agajin Amurka, USAID, ya kai ga irin wannan matsaya game da kayan da Amurka ta biya.

Gwajin da ya fi kowanne ɗaci ya zo ne ranar 2 ga Maris na 2025, rana ta biyu ga azumin Ramadan, lokacin da Isra'ila ta dakatar da shigar komai bayan zangon farko na yarjejeniyar ya ƙare ba a daidaita kan na biyu ba. Ranar 18 ga wata aka koma luguden wuta. Tsarin da aka gina cikin kwana 42 ya riƙa mutuwa gaɓa bayan gaɓa. Zuwa ƙarshen Maris gidajen burodi 25 da WFP ke tallafa wa sun rufe, ba fulawa ba mai. Ranar 25 ga Afrilu hukumar ta sanar da cewa ta miƙa ragowar abin da ke sitonta ga wuraren dafa abinci na jama'a, waɗanda mutanen Gaza ke kira takiyya. A rana guda kuma ta ce tana da sama da tan 116,000 a bakin iyakoki, abin da zai ciyar da mutum miliyan ɗaya har wata huɗu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Takiyyoyin da ke fitar da abinci sama da kwano miliyan ɗaya a rana a ƙarshen Afrilu sun faɗo ƙasa da 300,000 a watan Mayu.

Bayan mako 11 aka ɗan sassauta, aka kuma kawo sabon tsari ƙarƙashin gidauniyar GHF mai samun goyon bayan Amurka da Isra'ila. Wuraren rabo kusan 400 da ke warwatse a unguwanni aka maye gurbinsu da guda huɗu, a yankunan da soja ke iko da su, 'yan kwangilar tsaro na gadi. Duk wanda ya taɓa ganin rabon kaya ya san abin da ke faruwa idan aka tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya: mai ƙarfi ne ke samu, tsohuwa da gurgu da matar da mijinta ya rasu ba sa kaiwa. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga aƙalla mutum 1,373 da aka kashe suna neman abinci tsakanin 27 ga Mayu da 31 ga Yuli, 859 a kusa da wuraren GHF, 514 a kan hanyoyin ayari. A daidai wannan lokaci kusan tara cikin kowace mota goma ta Majalisar ana sauke mata kaya a hanya kafin ta kai sito. Ranar 22 ga Agusta, tsarin IPC da duniya ke auna matakan yunwa da shi ya tabbatar da matsananciyar yunwa a lardin Gaza, karo na farko da ya yi irin wannan sanarwa a Gabas ta Tsakiya, ya ce sama da mutum rabin miliyan na cikin mataki mafi muni. Isra'ila ta yi watsi da rahoton. Bayan tsagaita wutar Oktoba wawason ya sake faɗuwa ƙasa warwas, GHF kuma ta naɗe tabarmarta ranar 24 ga Nuwamba.

Sau biyu ke nan aka ga abu ɗaya. A ganina duk wanda da gaske yake son hana kayan agaji faɗawa hannun masu bindiga, hanyar a bayyane take: ya bari kayan su yi yawan da ba za su yi tsadar da za a yi faɗa a kansu ba.

Bayan buhu ya iso

A ce fulawar ta tsira ta kai sito. Aiki na gaba shi ne sanin inda mutane suke, kuma tsagaita wuta kanta tana hargitsa wannan. Ranar 27 ga Janairun 2025 da aka buɗe hanyar Netzarim, shingen sojan Isra'ila da ya raba arewacin zirin da kudancinsa, cikin 'yan kwanaki sama da mutum rabin miliyan suka koma arewa, yawancinsu a ƙafa. Sitocin da aka cika a kudu suka wayi gari nesa da masu buƙata, rajistar iyalai ta tsufa cikin mako guda. Hukumar da ta fi kowa sanin unguwanni da gidaje ita ce UNRWA, mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu tun 1949, mai ma'aikata kusan 12,000 a zirin. Amma dokar da majalisar Isra'ila ta zartar a Oktoban 2024, wadda ta fara aiki a ƙarshen Janairun 2025, ta haramta hulɗa da ita, bisa zargin cewa akwai 'yan Hamas a cikin ma'aikatanta. Hukumar ta ce tana da kayan da za su cika motoci kusan 6,000 a Masar da Jodan da aka hana shiga.

Sai wuta. Wake da shinkafa ba sa ciyuwa ɗanye. Iskar gas ta girki ta yi wata bakwai ba ta shiga Gaza ba, daga Maris har 12 ga Oktoba, kuma ko bayan nan abin da ke shiga bai kai buƙata ba. Mata sun koma hura wuta da robobi da tsummoki da katakon ƙofofin gidajensu da suka rushe, hayaƙin kuma na shiga ƙirjin yara a cikin tanti. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan agaji ke fifita gidan burodi da takiyya a kwanakin farko: tukunya ɗaya babba ta fi tukwane dubu tattalin mai da ruwa. Zuwa farkon Nuwamba WFP ta kai kunshin abinci ga mutum miliyan ɗaya ta wuraren rabo 44, burinta kuwa 145.

Sai kuɗi, wanda mutane da yawa ba sa kawowa a rai. Agaji ba ya iya maye gurbin kasuwa. Kwalin agaji na ɗauke da fulawa, gwangwanin wake da mai, ba ya ɗauke da ƙwai, albasa, nama ko madara, kuma waɗannan ne ke gyara jikin da ya rame. Sai 'yan kasuwa. Su kuwa, da yake shigo da mota ɗaya na cin kuɗi mai yawa, sun fi karkata ga abin da ke da riba kuma ba ya lalacewa, shi ya sa aka ga cakulan da lemon kwalba a kan tebura yayin da ƙwai da kaza ke wuyar samu ko suka fi ƙarfin talaka. Ga kuma ƙarancin takardun kuɗi: tun farkon yaƙin ba a shigar da sababbin shekel ba, wato kuɗin Isra'ila da ake kashewa a zirin, yawancin bankuna sun rushe ko sun rufe, har gyaran yagaggun takardun kuɗi ya zama sana'a a bakin titi. Wanda aka turo wa tallafi ta waya, in yana son tsaba a hannu, akwai lokacin da dillali ke cire masa har kashi 40 cikin 100.

Yaron da tamowa ta riga ta kama kuwa, fulawa ba maganinsa ba ce, cika masa ciki farat ɗaya ma na iya kashe shi, domin jikin da ya daɗe ba abinci yakan rikice idan aka dawo masa da shi da gaggawa. Ana auna damtsensa da ɗan zare mai launi, in ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja. In yana da wata cutar a kai, sai a kwantar da shi a fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan. In yana iya ci, sai a ba uwarsa abincin tamowa na 'yar leda, haɗin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, kowace leda kalori 500. Iyaye mata a ƙasar Hausa sun san wannan leda sarai. A Nijar ne, musamman yankin Maraɗi, aka fara amfani da ita gadan-gadan a yunwar 2005, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani, kuma yau ana sarrafa ta a Yamai da Kano. Maganin na ɗaukar mako shida zuwa takwas ba yankewa. In aka rufe mashiga a mako na uku, ko ruwan sha ya gurɓata gudawa ta kama yaron, an koma farko.

Wannan gibi tsakanin sa hannu a takarda da isar abinci ba a Gaza kaɗai aka gan shi ba. A Yaman, an ƙulla yarjejeniyar Stockholm a Disambar 2018 don tsagaita wuta a birnin Hudaida. A gefen birnin akwai rumbunan WFP da ke ɗauke da tan 51,000 na alkama, abincin mutum miliyan 3.7 na wata guda, amma suna kan layin daga, nakiyoyi kewaye da su. Sai ƙarshen Fabrairun 2019 jami'ai suka samu leƙawa, suka tarar ƙwari sun shiga hatsin, aka kuma ƙara watanni kafin a yi feshi a fara niƙa.

Wanda ke riƙe da famfo

Duk waɗannan matsaloli na hanya da sito da mai, ma'aikatan agaji sun san yadda ake warware su, sun kuma nuna haka a Janairu cikin kwana biyu. Wadda ta fi ƙarfinsu ita ce yadda aka saka abinci cikin kayan ciniki na yarjejeniya. Da zarar an rubuta motoci 600 a shafi ɗaya da musayar fursunoni da janye sojoji, kowane saɓani kan waɗancan sai ya sauka a kan tukunyar talaka. Kwana huɗu kacal da fara tsagaita wutar Oktoba, Isra'ila ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za ta rage motocin zuwa 300 saboda jinkirin da Hamas ta yi wajen miƙa gawarwakin waɗanda aka yi garkuwa da su. Ranar 19 ga wata aka sake dakatar da shigar kaya na ɗan lokaci bayan wata arangama a Rafah. Iyalan da ke jiran gawar ɗansu suna da haƙƙi, kuma baƙin cikinsu gaskiya ne. Amma yarinyar da ke layin takiyya a Dair al-Balah ba ita ke riƙe da gawar ba.

Dokar ƙasa da ƙasa ba ta bar wannan a duhu ba. Yarjejeniyar Jeniba ta huɗu ta 1949 ta ɗora wa ƙasar da ta mamaye wani yanki alhakin tabbatar da abinci da magani ga mazauna, da barin agaji ya wuce idan abin da ke ƙasa bai isa ba. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2417 na 2018 ya la'anci amfani da yunwa a matsayin makamin yaƙi. Ranar 22 ga Oktoban 2025 kuma Kotun Duniya da ke Hague ta ba da ra'ayinta na shari'a cewa wajibi ne Isra'ila ta sauƙaƙa ayyukan agajin Majalisar Ɗinkin Duniya, har da na UNRWA. Ma'anar duk wannan ita ce abincin farar hula haƙƙi ne tun kafin a zauna teburin sulhu, kuma ba ya faɗuwa idan zaman ya watse. Mai tsara jigilar kaya na buƙatar wannan tabbaci fiye da kowa, domin jirgin ruwan alkama da aka yi oda yau sai bayan makonni zai iso, kuma ba a ɗaukar ma'aikata a gyara sito a kan ƙofar da za a iya rufewa gobe da safe.

Ranar 19 ga Disamba, IPC ta fitar da sabon rahoto: babu yankin Gaza da ke cikin matakin matsananciyar yunwa kuma. Mako goma na shigar kaya, duk da gibin da ke ciki, sun ja mutane baya daga bakin rami. Rahoton ya ƙara da cewa mutum miliyan 1.6 na cikin matsanancin ƙarancin abinci har yanzu, yara sama da 100,000 za su buƙaci maganin tamowa, kuma idan faɗa ya dawo aka toshe hanyoyi, zirin gaba ɗaya na iya komawa cikin yunwa kafin tsakiyar Afrilun 2026. Kwana 11 bayan haka Isra'ila ta sanar da dakatar da lasisin ƙungiyoyin agaji 37, har da MSF, kan sababbin sharuɗɗan rajista da suka haɗa da miƙa sunayen ma'aikatansu Falasɗinawa.

Ranar da Gaza za ta rage dogaro da mota kuwa tana da nisa. Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, FAO, ta gano a tsakiyar 2025 cewa kashi 1.5 cikin 100 ne kawai na gonakin zirin ke da lafiya kuma ake iya kaiwa gare su. Mafi yawan ƙasar noman na gabas ne da kudu da can arewa, wato bayan layin rawaya da sojojin Isra'ila suka ja suka tsaya a kansa, wanda ya bar fiye da rabin zirin a hannunsu. Manomin Bait Lahiya da ya tsira da ransa na buƙatar a cire masa bama-bamai daga gona, a gyara rijiya, a bar iri da taki da bututun ban ruwa su shigo, sannan a bar shi ya taka gonar da ƙafarsa.